Rodin da Deraman Ya Kafa a Suri

Ranar da abin ya soma, babu wanda ya ga alamar komai. Rana ta sunkuya bayan itatuwan kwakwa, masunta sun ja jiragensu kan yashi, iskar teku ta kwanta. A gidan Deraman, gidan katako mai dogayen ƙafafu da ke ƙarshen ƙauyenmu a gabar tekun Terengganu, matarsa Selamah tana kicin tana juya shinkafa a madarar kwakwa, 'yarsu Zaiton kuma tana kwashe shanya. Ladan ya ɗaga murya ke nan, sai aka ji ƙas daga akwatin wutar da ke bakin ƙofa. Fanka ta tsaya, fitila ta mutu, tsohuwar firizar da ke ƙarƙashin gida ta yi wani dogon nishi ta yi shiru.

Maƙwabta duk da wutarsu. Deraman ya ja tsaki, ya ɗaga makunnin ƙaramar na'urar da ke katse wuta idan ta soma zurarewa, haske ya dawo. Bai kai ga zama ba ta sake faɗuwa. A cikin wannan duhu na biyu ne dutse ya sauka a kan kwanon rufi, da nauyin da ya sa ƙura ta zubo cikin tukunya. Wani ya biyo baya, wani kuma ya biyo shi. Deraman ya fita da adda yana zagin yaran mutane, ya zaga gidan bai ga ko kyanwa ba. Da ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun sai ya yar da sauri. Curin jar laka ne, kuma da zafinsa kamar yanzu aka ciro shi daga murhu.

Ƙasar ƙauyenmu yashi ce zalla. Wuri ɗaya ne a gidan Deraman ake samun jar laka, kuma Selamah ta san wurin, shi ya sa ta kama ƙirji ta zauna.

Ga yadda aka yi. Sana'ar gidan keropok ce, curin niƙaƙƙen kifi da suke dafawa suna sayarwa a bakin titi. Tunda sana'ar tana cin wuta, ga injin niƙa ga firiza, duk bayan wasu shekaru sai an zo an gwada wayoyin gidan a ga ko sun cika ƙa'idar da ƙasa ta shimfiɗa. A makon da abin ya faru mai gwajin ya zo, wani siririn mutum mai tabarau da ake kira Mista Lau. Ya bi soket-soket da na'urarsa, ya leƙa rufi, ya tona gindin gida, ya ciro tsohon rodin da ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa. Gishirin teku ya cinye shi saura kamar tsinke.

"Maigida, wayoyin nan sun girmi 'yarka," in ji shi.

"Kuma ba su taɓa cizon kowa ba," Deraman ya ce.

"Ai ba sa yin gargaɗi. Abu biyu na gani. Rodin nan ya mutu, a kafa sabo a ƙasa mai danshi, don yashi ba ya shan wuta. Na biyu, akwai abin da ke zubar da wuta a gidan nan, firizar can nake zargi. A nemo mai lasisi ya gyara duka biyun, sai in dawo in sake gwadawa."

Deraman mutum ne da ke jin magana da kunne ɗaya, kuma shi ke zaɓar wanne. Mutumin da ya sha kwance injin jirgi a tsakiyar teku, wai shi za a nemo wa wani yaro mai takarda don kafa ƙarfe a ƙasa? Firiza kuwa tun aurensu take aiki, bai ga dalilin ɓata mata suna ba. Ya sayo rodin jan ƙarfe da koriyar waya, ya zaga gida yana neman ƙasa mai danshi, ya tsaya a gaban surin da ke bayan kicin.

Kowa a nan ya san suri ba na gara kaɗai ba ne. Ba a fitsari kusa da shi, ba a zuba masa ruwan zafi, in za ka gifta ka yi sallama, in kuwa dole ta sa za ka sa ƙarfe a ƙasa kusa da shi, ka tsaya ka nemi izinin masu wurin tukuna. Yaron goye ma ya san wannan. Selamah ta leƙo ta taga ta ga mijinta riƙe da guduma, ta kira shi irin kiran da matan ƙauyenmu ke yi wa mazansu.

"Abang, don Allah ba nan ba. Ko izini ka nema mana."

"Izinin wa? Filina ne ko nasu? In suna da takardar fili su kawo in gani."

Ya ɗora rodin a ƙwanƙolin surin ya dinga dukansa har ya nutse, ya ɗaura wayar, ya karkaɗe hannu yana murmushin wanda ya fi kowa dabara.

Tun daga wannan maraice gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da an kira salla na'urar za ta katse wuta, jifa ta soma. Daga baya aka fara jin muryoyi a ƙarƙashin daɓen katako, ƙananan muryoyi masu kuka a shaƙe, irin kukan yaran da aka hana su ɗaga murya. Selamah ta daina cin abinci. Maƙwabta suka daina aiko yara sayen keropok. Shi kuwa Deraman abin da ya dame shi daban: duk katsewar wuta kifi ne ke narkewa a firiza. Wata safiya ya buɗe ta wari ya buge shi, ya hau sama a fusace, ya kwance murfin akwatin wuta, ya sa guntuwar waya ya tsallake na'urar gaba ɗaya. Ya ce yanzu ya ga abin da zai sake kashe masa wuta.

Wuta ba ta sake mutuwa ba, gaskiya ne. Sai dai abin da na'urar take tarewa yanzu ya sami hanya, yana kwarara ta koriyar waya zuwa cikin suri dare da rana, babu mai tsayar da shi.

Washegari da yamma jifa ba ta zo ba. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji bugun zuciyarsa. Deraman ya zauna cin abinci yana kallon matarsa da ido mai cewa ai na faɗa miki. Zaiton ta kawo kwanon miyar kifi daga kicin. Budurwa ce mai sanyin hali, wadda ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi. Ta zo tsakiyar ɗaki ta tsaya cak. Sai ta juya ta watsa wa ubanta miyar a ƙirji da tafasarta.

Kafin ya gama ihu ta kama shi ta wuyan riga da hannu ɗaya, ta ɗaga shi, ƙato guda, ta yi jifa da shi ta ƙofa. Ya gangara matakala ya faɗi a yashi, goshinsa ya tsage. Ta yi tsalle ta fasa ƙwan fitila da tafin hannu, ta finciko fanka daga bango, ta bi wayoyi tana tsinka su da haƙori. Selamah ta rungume ta ta baya tana kiran sunanta, ta ture ta da gwiwar hannu har ta bugu da kabad. Sai da maza huɗu na maƙwabta suka taru kafin suka danne ta, ɗaya ta karya masa yatsa, ɗaya ta cije shi a kafaɗa har jini. Suka ɗaure ta da zannuwa a jikin ginshiƙin tsakiyar gida. Jikinta zafi rau, kuma duk ɗakin yana warin ƙonannen gashi, alhali babu abin da ke ci da wuta.

Haka ta kwana ta wuni. Ba ta ci, ba ta sha, tana buga ƙeya da ginshiƙi har katakon ya jiƙe da jini. Ƙuraje irin na ƙuna suka feso mata a tafin ƙafa da bayan hannu. Duk wanda ya gan ta ya san idan aka ƙara kwana ɗaya a haka, gawa za a kwance daga ginshiƙin nan.

Da la'asar sakaliya aka zo da Tok Embong daga hayin kogi. Tsoho ne ɗan ƙarami, malami mai karantar da manya a masallaci, ba ya karɓar kaza ba ya ƙona turare, karatu kawai ya sani. Ya hau matakala a hankali yana dafa gwiwa, ya yi sallama ga mutanen gida, ya sake yin wata sallamar ga waɗanda ba a gani. Ya sa aka kawo ruwa a kwano, ya zauna dab da yarinyar, ya soma karanta ayoyi da murya ƙasa-ƙasa.

Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya koma ja, ya soma dusashewa. Zaiton tana fizge-fizge, zannuwan suna ƙara, jijiyoyin wuyanta sun miƙe. Can sai ta saki jiki, ta ɗago kai a hankali, ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta tsohuwar mace ce, busasshiya, mai fita da ƙyar.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona wadda ta riga ta ƙone."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ni ce mai gidan da ke bayan kicin. Ina wurin tun kakan wancan bai iya ɗaura zani ba. Mun taɓa taɓa musu ko cokali? Tambaye shi."

Deraman yana rakuɓe a bakin ƙofa da tsumma ɗaure a goshi. Ya kau da kai.

"Ya soko mana ƙarfe ta tsakiyar ɗaki, ko sallama babu," muryar ta ci gaba. "Muka ce haƙuri, ɗan Adam ne, ba ya gani. Sai wuta ta soma biyo ƙarfen. Kullum in na ga yarana sun gaji da ƙuna, in hau in taɓa ɗan abin nan nasu na bakin ƙofa, wutar ta tsaya, mu samu mu numfasa. Na yi jifa don ya gane. Na bar yarana suka yi kuka a ƙarƙashin ƙafarsa don ya ji. Sai ya tashi ya toshe ɗan abin da ke ceton mu." Muryar ta karye. "Autana ya mutu shekaranjiya a hannuna. Ya ƙone tun daga ciki, ina riƙe da shi."

Selamah ta fashe da kuka, kuma ba don 'yarta kaɗai ba.

Tok Embong ya sunkuyar da kai. "An zalunce ki, baiwar Allah, ban musa ba. Allah Ya ba ki haƙuri. Yanzu za a kashe wuta, a cire ƙarfen, a gyara miki wurinki, a nemi gafararki a gaban jama'a. Ki fita daga jikin yarinya."

"Ɗa da ɗa. Ya ɗauki nawa, na ɗauki tasa."

"Ita ta riƙe gudumar?"

"Nawa ma bai riƙe komai ba."

"To ki ji tsoron Wanda Ya halicce mu da ku. Ba a kama wani da laifin wani. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu har ki zama toka, kin kuma san zan iya."

Sai aljanar ta yi dariya, dariya mara daɗin ji. Kan Zaiton ya soma juyawa gefe, a hankali, ya wuce inda wuyan mutum ke tsayawa, har aka ji ƙashi yana ƙara. Selamah ta kurma ihu ta zube a gaban malamin.

"Ci gaba mana, tsoho. Mu ga wanda zai riga ƙarewa, ni ko wuyan nan."

Tok Embong ya ɗaga hannu ya dakatar da karatu. Gumi yana bin gemunsa. Ya ce, "Faɗi abin da zai raba mu, ban da ran yarinya."

Daga nesa ladan ya soma kiran magariba.

"Hannun da ya kafa shi ne zai cire," in ji muryar. "Babu takalmi, babu tsumma. Kuma ba za a kashe wutar ba. Ya ɗanɗana abin da ɗana ya sha. In ya yi, na bar masa 'yarsa, na bar masa filinsa da yake taƙama da shi. Wanda ya taɓa akwatin can kafin in ce ya isa, na ƙarasa murɗe wuyan."

"Wannan kisa ne kika sake wa suna," Tok Embong ya ce. "Ban yarda ba. A rage. Ya cire da hannunsa, amma a kashe..."

Bai ƙarasa ba, don ya ji ƙarar matakala. Deraman ya riga ya sauka.

Na san Deraman shekara da shekaru, ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, ko a ranar ma bai faɗa ba. Amma ya san wuta sarai, ya san abin da ke jiransa. Muddin rodin yana cikin laka, ƙasa ce ke shanye wutar. Da zarar ya fito, wutar ba ta da sauran hanya sai jikin wanda ke riƙe da shi. Ya tuɓe silifas ɗinsa ya ajiye su gefe a jere. Ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasar bayan kicin, inda ruwan wanke kifi ke kwanciya. Maƙwabta suka taru daga nesa. Ya tsaya gaban surin, ya yi sallama, sallamar da ya ƙi yi tun farko.

Selamah ta rarrafa ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a sama kusa da babban makunnin gidan, ba ta taɓa ba. Daga nan tana ganin 'yarta a ɗaure, ta taga kuma tana hango bayan mijinta.

Ya kama rodin da hannun dama. Ƙarfen da ya sha guduma kafin ya shiga, sai ga shi yana tahowa da sauƙi kamar ana turo shi daga ƙasa. Yana fitowa tsawonsa, tsininsa ya rabu da laka, wuta ta kama Deraman.

Bai yi ihu ba, don muƙamuƙinsa ya datse. Bayansa ya lanƙwashe, dugadugansa suka kafe a taɓo, yatsunsa suka damƙe ƙarfen ba sa sakewa. Jikinsa duka yana kaɗawa, idanunsa sun juye, jini yana zuba ta gefen bakinsa inda ya tauna harshe. Hayaƙi ya soma tashi daga tafin hannunsa, warin ƙonannen nama ya cika bayan gida. Wata mata ta faɗi sumammiya. A cikin ɗaki Zaiton ta kafe taga da jajayen idanu tana kallo, ba ta ko ƙiftawa.

"Ki ce ya isa!" Selamah take ihu. "Ke ma uwa ce! Don girman Allah ki ce ya isa!"

Tok Embong ya matso dab da fuskar yarinyar. "Ya cika alkawari. Saura ke. In ya mutu kin zama abin da kike kuka da shi."

Leɓunan Zaiton suka yi rawa. Hawaye suka gangaro daga idanun da ba nata ba.

"Ya isa."

Selamah ta finciko makunnin da hannu biyu har ta rataya a jikinsa. Gidan ya yi duhu. A waje Deraman ya zube kamar buhun da aka yanke wa igiya. A ciki Zaiton ta yi wata doguwar atishawa, kanta ya dawo daidai, ya faɗo kan ƙirjinta. Wata iska mai zafi ta ratsa ɗakin ta fita ta taga, ganyen ayaba ya kaɗa, daga nan sai kukan kwaɗi.

Maza suka ɓanɓare yatsunsa daga ƙarfen, fatar tafin ta biyo shi. Ba ya numfashi. Wani maƙwabci da ya taɓa aiki a jirgin ruwa ya hau ƙirjinsa yana dannawa har haƙarƙari ya karye, can sai Deraman ya ja wani mummunan numfashi ya yi tari. A bayan motar ɗaukar kifi aka kai shi asibiti.

Ya rayu. Likitoci suka yanke yatsu biyu, sauran suka ƙanƙance suka manne da tafin, hannun bai sake buɗewa ba. Kafin a sallamo shi Selamah ta nemo mai lasisi ya sake wayoyin gidan kaf, aka kafa sabon rodi can kusa da magudanar rijiya bayan Tok Embong ya nemi izini, aka fitar da firizar aka sayar wa masu gwangwan. Mista Lau ya dawo ya gwada, ya ga guntuwar wayar da aka ciro daga akwati, ya cire tabarau ya goge yana girgiza kai. Surin kuwa ya rushe da kansa a ruwan farko, ko gara ɗaya ba a gani a ciki ba.

Zaiton ba ta tuna komai ba. A saninta zazzaɓi mai zafi ne ya kwantar da ita, ta farka ta tarar ubanta yana asibiti saboda ya taɓa waya. Deraman ne ya hana a gaya mata sauran, ya ce duk wanda ya buɗe baki shi da shi ne, kuma har yau ƙauyen ya riƙe masa wannan sirrin.

Ranar da ya dawo gida aka zuba masa shinkafa, ya zauna yana kallon kwanon. Bai saba ci da hagu ba, kuma ba ya so ya fara. Zaiton ta wanke hannu ta zauna gabansa, ta cire ƙayar kifi, ta dunƙula loma ta kai masa baki, tana faɗa irin na 'ya da uba.

"Abah, kai ma dai da taurin kai. Wa ke kama waya da hannu, ƙafa ba takalmi? Ko tunaninmu ba ka yi ba? Da ka mutu fa, wa ka bar mu da shi?"

Selamah ta buɗe baki, ya ɗago ido ya dube ta, ta rufe. Ya tauna lomar a hankali ya haɗiye, yana kallon wuyan 'yarsa da ke juyawa lafiya lau.

"Gaskiyarki, 'yata," ya ce. "Wauta ce. Ƙaro min romo."